Hutu a tsibiran Maldibi: abin da za ka shirya tun daga gida har ranar dawowa

A kudu maso yammacin Indiya, can tsakiyar Tekun Indiya, akwai wata ƙasa da gaba ɗayanta tsibirai ne kusan 1,200, a jere cikin zobba 26 na duwatsun murjani. Ita ce Maldibi, wadda za ka ga an rubuta Maldives a tikitin jirgi. Tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Daga cikin sauran aka ware waɗanda aka gina otal-otal na shaƙatawa, tun daga 1972 da aka buɗe na farko mai suna Kurumba kusa da Male, babban birnin ƙasar.

Mu Hausawa muna da tsohuwar alaƙa da waɗannan tsibirai, ko da yake kaɗan ne suka sani. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi da sauran kasuwanni, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, daga ruwan Maldibi aka riƙa ɗebo mafi yawansa kafin na gabashin Afirka ya shigo daga baya. Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran wajen 1343, ya ga yadda ake tara wurin a can, ya kuma ce ya tarar ana ciniki da irinsa a Mali da Gao. Masu iya magana sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma a wannan tafiya sai ka haɗa duka biyun: kuɗi a hannu, da shiri tun da sauran lokaci.

Abin da ya wajaba ka riƙe tun farko shi ne tsarin ƙasar: tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Da zarar an sauke ka, babu kasuwa, babu mai shayi a bakin titi, babu wani gidan abinci da za ka leƙa idan na otal ɗin ya yi maka tsada. Ruwan sha, abinci, jirgin da zai fitar da kai, duka a hannun mai masauki suke, kuma farashin da ya yanka shi ne farashi. Saboda haka daɗin hutunka ko ɓacin ranka tun a gida ake yanke shi, a ranar da ka zaɓi tsibiri ka biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: lokacin tafiya

Zafi bai cika sauyawa a can ba, duk shekara yana tsakanin digiri 25 zuwa 31, ruwan tekun kuma ɗumi gare shi. Abin da ke sauyawa shi ne iska da ruwan sama. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, sama ta washe, teku ya kwanta. Wannan ne lokacin da kowa ke so, shi ya sa kuɗin ɗaki ke tashi, musamman daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, lokacin da otal-otal da yawa ke tilasta biyan kuɗin liyafar Kirsimeti da ta sabuwar shekara ko ba ka halarta ba. Daga Mayu zuwa Nuwamba kuwa damina ce, ana samun hadari da iska, teku ya yi tashi, amma farashi na sauka sosai. Ruwan yakan zuba ya ɗauke, rana ta fito, sai dai akan yi rashin sa'a a jera kwana uku ana yi.

A ganina, mai zuwa karo na farko ya nemi Fabrairu ko Maris idan aljihu zai ɗauka, in kuwa ana neman sauƙi, ƙarshen Afrilu ko Nuwamba. Wanda burinsa ganin manyan kifayen manta masu fukafukai, damina ce lokacinsa, domin a watannin ne suke taruwa a mashigin Hanifaru da ke yankin Baa, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake karewa a 2011.

Mataki na biyu: zaɓen tsibiri, wanda ya fi komai

Yawancin mutane da hoton ɗaki suke farawa. Ka fara da nisan tsibirin daga Velana, babban filin jirgin saman ƙasar da ke kusa da Male, domin shi ne zai nuna yadda za ka isa da abin da za ka kashe.

Tsibiran da ke yankin Male ta arewa da ta kudu da jirgin ruwa mai gudu ake zuwa, daga minti 15 zuwa kimanin awa ɗaya, kuma dare ko rana ana iya kai ka. Waɗanda suka fi nisa sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, tafiyar rabin awa zuwa awa ɗaya. Na can ƙarshen arewa ko kudu kuma, a jirgin sama na cikin gida za ka tafi wani ƙaramin fili, sannan a ƙarasa da kai a jirgin ruwa.

Jirgin da ke sauka a kan ruwa yana da ƙa'idoji uku da ke ba mutane mamaki. Na ɗaya, da rana kaɗai yake tashi. Idan jirginka ya sauka a Velana bayan ƙarfe uku da rabi na yamma, mai yiwuwa ka kwana a Male ko Hulhumale, garin da ke dab da filin jirgin, alhali ka riga ka biya kuɗin wannan daren a tsibiri. Na biyu, kaya: akasari kilo 20 na akwati da kilo 5 na hannu ga kowane mutum, abin da ya haura a biya. Mu da muka saba tafiya da akwatuna bibbiyu masu kilo 23, wannan sai an kula. Na uku, kuɗinsa daban yake da na ɗaki, kuma zuwa da dawowa yakan kai dala 400 zuwa 600 ga babban mutum ɗaya, wani wurin ma fiye. Iyali mai mutum biyar zai iya kashe kuɗin kwana biyu ko uku a kan jirgin nan kawai. Duk da haka, wanda ya samu hali ya hau ko sau ɗaya. Kujerunsa ba su wuce goma sha biyar ba, matuƙan sau da yawa ba takalmi a ƙafarsu, injin yana ƙara har sai an ba ka abin toshe kunne. Da ya ɗaga sai ka ga tsibiran a ƙasa kamar an yayyafa ƙwai a kan shuɗin zane, kowanne da farin baki da koren tsakiya, ruwan da ke kewaye da shi yana sauya launi daga fari-fari zuwa shuɗi mai duhu a inda zurfi ya fara. A nan mutum yake yin tasbihi ba tare da an tuna masa ba.

Bayan nisa, ka duba girman tsibirin. Akwai wanda za ka zagaye shi da ƙafa cikin minti goma, da gidan abinci ɗaya ko biyu. Irin wannan ya dace da ango da amarya masu neman shiru, amma yara za su gaji da shi a kwana biyu. Akwai manya masu kekuna da ƙananan motocin lantarki, da wurin wasan yara da masu kula da su, da gidajen abinci biyar ko shida. Wasu otal-otal kuma ba sa karɓar yara sam, don haka ka karanta ƙa'idarsu kafin ka sa rai.

Sai maganar duwatsun murjani na bakin tsibirin. Inda suke kusa da gaɓa, kifaye a ƙofar ɗakinka suke, kyauta. Inda babu, sai ka biya jirgin ruwa duk ranar da kake son kallo. Tsibiri mai faffaɗan ruwa marar zurfi ya fi kyau a hoto kuma ya fi aminci ga yara da wanda bai iya ninƙaya ba, mai murjani kusa ya fi ga mai son kallon halittun ruwa. Da wuya a samu duka biyun a cike a wuri ɗaya.

Mataki na uku: ɗaki, da batun sirri

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne buƙatarmu ta bambanta da ta Turawan da aka tsara wuraren dominsu.

Ɗakin da aka gina a kan ruwa, wanda ake bi ta doguwar gadar katako a isa gare shi, shi ne kowa ya sani a hoto. Yana da matakala da ke sauka cikin teku kai tsaye, wani ma da gilashi a daɓe da kake hango kifi ta ciki. Amma barandarsa a buɗe take ga teku. Masu ninƙaya na wucewa ta gabanta, masu ƙananan kwalekwale na wucewa, maƙwabcinka idan ya sauka ruwa yana hango ta. Matar da ke son ta cire mayafi ta sake ba za ta samu natsuwa sosai a nan ba, sai dai idan ɗakin yana can ƙarshen gada yana fuskantar buɗaɗɗen teku. Otal-otal da yawa kuma ba sa barin ƙananan yara su kwana a irin wannan ɗaki, ko su sa iyaye su sa hannu a takardar ɗaukar alhaki, saboda babu shinge tsakanin baranda da ruwa.

Ɗakin bakin gaɓa ya fi araha, kuma sau da yawa shi ya fi dacewa da mu. Bishiyoyi ne suka kewaye shi, da ɗan hanya da ke fita zuwa rairayi. Wasu suna da tsakar gida mai katanga a baya, da ƙaramin wurin ninƙaya na ɗakin kaɗai, inda babu idon kowa. Idan uwargida ko amarya za ta yi wanka da wasan ruwa hankali kwance, wannan za ka nema. Kada ka dogara da hoto. Ka rubuta wa otal ɗin wasiƙa ta imel, ka tambaye su a fili: wurin ninƙayar a gaba yake ko a baya? Mai wucewa a bakin ruwa yana ganin ciki? Banɗakin a rufe yake ko rabinsa a buɗe sama? Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a ɗakunan gaɓa, katanga ta kewaye amma ba rufi, kuma ba kowa ke jin daɗinsa da dare ba.

Dabarar da na fi so ita ce raba kwanakin: uku a bakin gaɓa, biyu na ƙarshe a kan ruwa. An ɗanɗana duka, kuɗin kuma bai yi nauyi ba. Ma'aikata ne ke kwashe kayan su kai sabon ɗakin.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da za ka tarar. Ƙasar ta Musulmi ce gaba ɗaya, amma tsibiran otal-otal an ware su daga dokokin da ke aiki a garuruwa. Ana sayar da giya, baƙi suna yawo da kayan wanka marasa rufe jiki, wasu gidajen abincin suna dafa naman alade a gefe guda da alama a jikinsa. Wanda wannan zai dame shi ƙwarai yana da wata hanya. Tun 2009 gwamnati ta yarda a buɗe masaukan baƙi a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi. A can babu giya, ana jin kiran salla sau biyar, sutura irin ta garin Musulmi ce, an kuma keɓe wa baƙi masu kayan wanka gefensu. Kuɗin kwana bai kama ƙafar na manyan otal-otal ba. Ba za ka samu irin waccan ƙawa ba, amma tekun ɗaya ne.

Mataki na huɗu: tsarin abinci da lissafin gaskiya

Za ka ga haruffa a gefen farashi. BB na nufin kwana da karin kumallo kawai. HB karin kumallo da abincin dare. FB sau uku a rana, amma galibi ban da abin sha. AI kuma komai a ciki, har da lemo da shayi da ɗan abin taɓawa. Tun da babu wani wurin saye a tsibirin, BB tarko ne ga wanda bai yi lissafi ba, domin farantin abinci ɗaya na rana yana iya cin dala 30 ko 40. A ɗaya gefen, kuɗin AI an lissafa shi ne da masu shan giya a rai, wanda ba ya sha yana biya wa wasu ne. Ga yawancinmu HB ko FB ya wadatar. Karin kumallon yana da yawa, idan ka ci wajen ƙarfe tara da rabi zai riƙe ka har yamma. Mai yara dai ya ɗauki FB. Ka kuma tambaya ko suna da tsarin komai a ciki marar giya, wasu suna yi a farashi mai sauƙi.

Yanzu lissafi. Idan ka ga alamar ƙari biyu a gaban farashi, wato ++, haraji bai shiga ba. Ana ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido a kan jimlar, wanda ya koma kashi 17 cikin 100 daga Yulin 2025. Abin dala 100 ya zama dala 128 da ɗoriya ke nan. Ban da wannan akwai harajin muhalli, dala 12 ga kowane mutum a kowane dare a otal-otal na shaƙatawa tun daga Janairun 2025, ban da jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu. Mu ƙaddara ka ga ɗaki a dala 600, za ku yi kwana biyar ku biyu, kai da iyalinka. A ido dala 3,000 ne. Da haraji ya zama 3,861. Ƙara 120 na muhalli, ƙara kimanin 1,000 na jirgin da ke sauka a ruwa, ka doshi dala 5,000, ba a yi maganar tikiti daga gida ba, ba a yi ta yawon teku ba. Kafin ka tura ko sisi, ka sa a rubuto maka jimla ɗaya da ta haɗa ɗaki, abinci, jigila da dukkan haraji, tare da ƙa'idar mayar da kuɗi idan tafiya ta fasu.

Idan ta hannun wakilin tafiye-tafiye ka bi, ka karɓi lambar ajiyar ɗakin ka rubuta wa otal ɗin da kanka su tabbatar an biya. Sabbin ma'aurata su riƙe takardar shaidar aure. Otal-otal da yawa suna yi wa masu hutun amarci rangwame ko kyaututtuka, amma sai an nuna takarda, kuma galibi auren bai wuce wata shida zuwa shekara ba. Da yawanmu a masallaci ko ƙofar gida aka ɗaura ba tare da an karɓi takarda ba, sai a nema tun da wuri.

Mataki na biyar: takardu da hanya

Ba a neman biza tun daga gida. A filin jirgi ake buga wa baƙo izinin kwana 30 kyauta, muddin ya nuna fasfo mai aiki, tikitin dawowa da shaidar masaukin da ya biya. Ka buga su a takarda, kada ka bar su a waya kawai. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da hukumar shige da fice ta ƙasar ke so kowa ya cike cikin awa 96 kafin isowa. Kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na hukuma ba ne. Mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan ya riƙe katin allurar shawara, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga yankinmu. Ana bi ta Doha, ko Dubai, ko Santambul. Daga Doha zuwa Male tafiyar kusan awa biyar ce. Ka zaɓi wanda zai sauke ka da safe, saboda batun hasken rana da na ambata, kuma ka aika wa otal ɗin lambar jirginka da lokacin saukarsa aƙalla kwana uku kafin tafiya, domin su ne ke tsara jigilarka. Agogon Maldibi yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu.

A kwastan ba a shiga da giya, naman alade, ko tabar lantarki, wadda aka haramta shigo da ita a ƙarshen 2024. Dokarsu kan miyagun ƙwayoyi mai tsanani ce. Duk maganin da kake sha ka bar shi a kwalinsa tare da takardar likita, garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna kuma ka bar shi a gida.

Kuɗin ƙasar rufiya ne, amma a otal komai da dalar Amurka ake lissafi. Ka je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai iya cirewa, domin ranar shiga sukan riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina. Ka riƙe tsabar dala sababbi, marasa yagewa ko rubutu, da ƙananan takardu na dala ɗaya, biyar da goma don yi wa ma'aikata alheri. Inshorar tafiya mai ɗaukar nauyin jigilar marar lafiya tana da amfani, domin a tsibiri ƙaramin ɗakin shan magani ne kawai, manyan asibitoci suna Male da Hulhumale.

Kaya kaɗan suka isa: tufafi marasa nauyi, silifa, hula mai faɗi, man kariya daga rana, maganin sauro, maganin jiri ga wanda teku ke juya wa ciki. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, mutanen Nijar da Kamaru su riƙe abin haɗawa. Mata su sayi kayan ninƙaya masu rufe jiki tun daga gida ko a Dubai, waɗanda aka ɗinka da yadin da ba ya shan ruwa. Shiga teku da atamfa, abaya ko jallabiya haɗari ne, yadin yana jiƙewa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa.

Mataki na shida: ranar isa

Da ka fito daga wurin ɗaukar kaya za ka tarar da wakilin otal ɗin da allo mai sunansu. Shi zai karɓi akwatunan ya kai ka bakin jirgin ruwa, ko wurin jiran jirgin da ke sauka a ruwa, inda akan jira awa ɗaya zuwa uku. Ka ajiye magani, caja da kayan sauyawa ɗaya a jakar hannu, saboda wani lokaci akwati yana biyo jirgi na gaba.

A tsibirin za a tarbe ka da tawul mai sanyi da abin sha, wani wurin har da kiɗan manyan ganguna da suke kira boduberu. Za a haɗa ka da ma'aikacin da zai kula da ɗakinka, wanda a wasu otal-otal ake kira thakuru. Wannan ne lokacin faɗin buƙatunka gaba ɗaya, ba sai an kwana ba. A kwashe giyar da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki. A kawo darduma. A sanar da masu dafa abinci cewa ba ka cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, domin tana shiga wasu miya da kayan zaƙi. Idan uwargida za ta je wurin tausa, a ba ta mace. Yawancin ma'aikatan Musulmi ne, 'yan ƙasa ko 'yan Bangaladash, sallama kaɗai ta isa ta buɗe maka fuskarsu, kuma ba sa mamakin irin waɗannan buƙatu.

Salla tana da abu biyu da za ka lura da su. Mu a gida gabas muke fuskanta, har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu. A Maldibi Makka tana arewa maso yamma, ka duba alamar da ke rufin ɗaki ko cikin aljihun tebur, ko ka tambaya. Na biyu, otal-otal da dama suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a kan na Male don baƙi su ga yamma ta yi tsawo. Wayarka za ta nuna lokacin Male, agogon gidan abinci ya nuna wani. Ka tambaya tun ranar farko da wanne ake aiki, don kada lokacin salla ko na jirgi ya rikice maka. Yawancin tsibiran suna da masallaci a ɓangaren ma'aikata, idan ka nemi izini sukan kai ka sallar Juma'a.

Mataki na bakwai: zaman kansa

Da sassafe, bayan asuba, ka fita bakin ruwa kafin kowa ya tashi. Rairayin fari ne sol, kuma tun da garin murjani ne bai cika ƙona ƙafa kamar yashin gida ba. Za ka ga 'yan ƙananan ƙaguwa suna jan gidajensu na katantanwa, zalɓe a tsaye a kan ƙafa ɗaya yana jiran kifi, da 'ya'yan kifin shak masu baƙin tabo a saman fiffiken bayansu, tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba, suna kai da kawo a ruwan da bai kai gwiwa ba. Gudun mutum suke yi, ka tsaya cik kawai ka kalla.

Wanda bai iya ruwa ba kada ya ji kunyar faɗa. Ana bayar da rigar kariya daga nutsewa, ka sa ta duk lokacin da za ka wuce ƙugu. Ka fara koyon numfashi da tabarau da bututu a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, sannan ka bi jagora zuwa gefen murjani, inda ƙasa ke yankewa lokaci ɗaya zuwa zurfi. A nan ruwa yana ja, kuma jan yana sauyawa da cikowar teku da janyewarsa, saboda haka ka tambayi masu kula da wasannin ruwa kowace rana ta ina ake shiga, ta ina ake fita. Kada ka shiga kai kaɗai, kada ka shiga idan an kafa jar tuta. Murjani halitta ce mai rai, taka shi yana kashe shi, yana kuma yanka ƙafa yankan da ke saurin ruruwa. Ba a ɗaukar murjani, katantanwa ko yashi a tafi da su, har da wurin da za ka tsinta a gaɓa. Ka ɗauka ka nuna wa yara abin da kakanninsu suka kira kuɗi, ka mayar inda ka gan shi.

Rana a nan kusa da tsakiyar duniya take, ruwa da farin yashi kuma suna mayar da haskenta. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da bayan wuya. Daga sha ɗaya zuwa uku a zauna a inuwa, a yawaita shan ruwa. Ruwan famfo tataccen ruwan teku ne, na sha ana ajiye shi a kwalabe a ɗaki.

Yawon teku duk na kuɗi ne, ka zaɓi biyu ko uku. Fita kamun kifi da yamma a jirgin katako da suke kira dhoni ya dace da iyali, abin da ka kama a gasa maka shi. Waɗanda suka sauka a tsibiran kudancin yankin Ari suna iya fita neman kifin shak mafi girma, wanda ba ya cin mutum kuma ana ganinsa a can duk shekara. Wanda ya yi nutso mai zurfi da tukunyar iska ya bar awa 24 kafin ya hau jirgin sama. A wurin karin kumallo kuma kada ka wuce ɓangaren abincin ƙasar. Ka nemi mas huni, dakakken kifin tuna da aka cakuɗa da kankararriyar kwakwa, albasa, barkono da lemon tsami, ana ci da siririyar gurasa mai suna roshi. Bakin Bahaushe yana karɓarsa nan take.

Duk abin da ka ci ko ka saya hannu kawai kake sawa a takarda, shi ya sa kuɗi ke tafiya ba a ji. Ka riƙa neman lissafinka duk bayan kwana biyu kana dubawa.

Mataki na ƙarshe: ranar fita

Da yammacin jajibirin tafiya za a turo maka lokacin da za a ɗauke ka. A daren ka biya lissafi, ka bi shi layi-layi, ka tabbatar an saki jinginar da aka riƙe a katinka. Ana barin ɗaki da tsakar rana. Idan jirginka na dare ne kuma a jirgin da ke sauka a ruwa za ka koma, dole a fitar da kai kafin rana ta faɗi, sai ka samu awanni a hannu. Ka ajiye kaya a ma'ajiyar filin jirgi, ka hau tasi ta gadar Sinamale da aka buɗe a 2018, cikin 'yan mintuna kana Male. Ka sa sutura cikakkiya, domin nan gari ne. Ka leƙa kasuwar kifi da ke bakin ruwa, inda ake jera tuna a daɓe ana yanka su cikin ƙiftawar ido, ka yi salla a babban masallaci mai ƙubba ruwan zinariya da aka buɗe a 1984, sannan ka taka kaɗan zuwa Hukuru Miskiy, tsohon masallacin Juma'a da aka gina a 1658 da sassaƙaƙƙun duwatsun murjani. Ka koma filin jirgi da sauran awa uku kafin tashi.